Yadda ake shirya daren waƙar zance, hip-hop da wasan kwaikwayo a birni mai harsuna da yawa

Haɗa masu waƙar zance da mawaƙan hip-hop da 'yan wasan kwaikwayo a dandamali ɗaya abu ne mai daɗin faɗa a baki. Wuyarsa sai an zo aiki take fitowa, domin abin da kowannensu yake nema daga zauren daban ne. Mai waƙar zance, wato waƙar da ake faɗa ba tare da rerawa ba, shiru yake so da makirufo ɗaya a tsaye gabansa. Mai gambarar zamani, wato mawaƙin hip-hop, kiɗa yake so mai dukan ƙirji, da filin kaiwa da komowa. Ɗan wasa kuwa so yake a sakar masa hannuwansa biyu, a haska masa fuska, a kau da wayoyi daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ga kuma batun harshe: a babban birni, mutanen da suka cika zauren ba lallai ne su taru a kan yare ɗaya ba. Abin da ya haɗa sana'o'in nan uku dai kalma ce. Idan wanda ke zaune a kujerar ƙarshe bai ji kalmar ba, ko ya ji bai san inda aka dosa ba, an yi asarar daren komai kyan fitilu. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Cuɗanyar ba sabuwa ba ce. Hip-hop kansa a unguwar Bronx ta birnin Niyok ya tashi, kuma ana yawan danganta farkonsa da wani shagali da DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya yi kiɗa a cikinsa ranar 11 ga Agusta, 1973. A wannan shekarar ce mawaƙa 'yan asalin Puerto Rico suka fara taruwa a gidan Miguel Algarín suna karanta waƙoƙi masu gauraya Sifaniyanci da Turanci, taron da ya zama Nuyorican Poets Cafe, gidan karanta waƙoƙi a Niyok.

Mako takwas kafin ranar: mutane da zaure

Ku fara da kwamiti ƙarami, mutum biyar ko shida, kuma kowace al'umma da kuke son gani a kan dandamali ta sami wakili a cikinsa tun ranar farko. Inda aka fi kuskure shi ne a gama tsara komai sannan a gayyato mutum ɗaya daga wata ƙabila don a cike gurbi. Mutanensa suna ganewa, ba sa zuwa. Wakilin da aka fara tafiya da shi shi ne zai gaya muku wane ne gwani na gaskiya a cikin nasu, da kuma wace rana ce ta ci karo da wani bikinsu.

Aiki huɗu ne ba a haɗa wa mutum ɗaya biyu daga cikinsu: mai gabatarwa, mai kula da dandamali, mai sauti, da mai nuna fassara. Mai fitilu zai iya zama na biyar.

Zaure kuwa kada ku karɓe shi ta waya. Ku je da kanku a irin lokacin da za a yi taron, domin hayaniyar titi da rana daban take da ta dare. Ku tsaya a tsakiya ku tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ƙarar ta ci gaba da yawo fiye da daƙiƙa ɗaya, zauren yana da amsa-kuwwa, kuma ita ce babbar abokiyar gabar magana, saboda wutsiyar kalmar farko tana hawa kan ta biyu. Bango na siminti da gilashi da daɓen tayil su ke jawo ta. Maganinta labule mai kauri a bangon baya da gefe, da darduma a inda babu kujeru. Jikin jama'a ma yana shanye sauti, don haka zaure mai cin mutum 150 da ya cika ya fi mai cin 500 da aka zauna rabinsa. Bayan tafin, mutum ɗaya ya hau dandamali ya yi magana da muryarsa ta yau da kullum, wani ya saurara daga layin ƙarshe, a kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki kamar yadda za su kasance ranar.

Wasan mutum huɗu ko biyar yana buƙatar dandamali da bai gaza mita 6 a faɗi da mita 4 a zurfi ba. Idan daɓen zauren shimfiɗaɗɗe ne, tsayin santimita 40 zuwa 60 ya isa na baya su ga 'yan wasa. Ku ƙirga ƙofofin fita, ku tambayi adadin mutanen da doka ta yarda zauren ya ɗauka, ku duba ko mai keken guragu zai iya shiga har ya hau dandamali. Takardun izinin hukuma, inda ake buƙatarsu, a wannan makon ake fara nemansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafin lokaci da jerin fitowa

Awa biyu ce iyakar haƙurin yawancin 'yan kallo idan ana neman su saurari magana da kyau. Ga yadda za a raba ta: masu waƙar zance shida, kowa minti 5, rukunin hip-hop uku, kowa minti 10, gajeren wasan kwaikwayo biyu, kowa minti 15. Jimilla minti 90. Hutu minti 15. Saura minti 15 kacal na buɗewa da rufewa da duk sauye-sauyen da ke tsakani, wato kusan minti ɗaya da rabi ga kowane sauyi. A nan ne dare ke lalacewa. Idan kowane sauyi ya ci minti 4 saboda ana neman makirufo ko kiɗa ya ƙi tashi, an ƙara kusan minti 25 na zaman banza, kuma wanda zai rufe taro kujeru zai tarar.

Minti biyar ɗin mai waƙa ya haɗa da hawansa da gabatarwarsa da tafi. Waƙar kanta kada ta wuce minti 3. Wannan ma'auni daga gasar waƙar zance aka aro shi, wadda Marc Smith ya kafa a Shikago, ya kai ta gidan Green Mill a 1986. A ƙa'idar da ta yaɗu daga baya, minti uku ake bayarwa da rangwamen daƙiƙa goma, babu kiɗa, babu kayan ado na wasa, alƙalai biyar daga cikin 'yan kallo su ba da maki daga 0 zuwa 10, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci. A daren harsuna da yawa ku ɗauki minti ukun, ku bar makin, domin alƙalin da ba ya jin yaren waƙa ba shi da abin da zai auna ta da shi sai ƙarfin murya.

Wajen jerawa, kada wasan kwaikwayo ya buɗe taro, masu makara za su yi ta shigowa suna yanke shi. Ku buɗe da mai waƙa mai ƙarfin murya a yaren da mafi yawan mutane suke ji, hip-hop na farko ya biyo, sai masu waƙa uku, sai wasan da kayansa ba su da yawa ya rufe kashin farko. Wasan da ya fi kaya shi zai buɗe kashi na biyu, saboda a lokacin hutu za a kwashe na farko a jera nasa ba tare da an tsayar da kowa ba. Daga nan mai waƙa, hip-hop, mai waƙa, sai hip-hop na ƙarshe. Kowane kashi ya tashi minti 45.

Abu biyu ake kiyayewa. Bayan kiɗa mai ƙarfi kunne yana ɗan toshewa, jini kuma yana kan tafasa, don haka kada a jefa mai sanyin murya nan take. Mai gabatarwa ya ɗauki minti ɗaya ya sauko da zauren, ko a sa mai kakkausar murya a gurbin. Sannan kada a jera fitowa biyu a yaren da 'yan kaɗan ke ji, kuma kada a tura su duka farkon dare lokacin da zaure bai cika ba. Mutane suna karanta daraja daga jerin fitowa ko ba a faɗa musu ba.

Fassara: inda ya fi cin lokaci

Ku karɓi rubutun kowace waƙa da kowane wasa mako biyu kafin ranar. Wanda bai kawo ba, ya san cewa taƙaitawar baki kawai zai samu.

Hanya mafi sauƙi ita ce mai gabatarwa ya faɗi jimla biyu ko uku kafin fitowar: a wane yare ne, a kan me ake magana, wace kalma ce za ta yi ta dawowa kuma me take nufi. Wannan kalma ɗaya tana aiki fiye da yadda ake zato. Wanda aka gaya masa cewa kalmar da ake maimaitawa tana nufin "uwa" zai bi waƙar da kunnensa har ƙarshe, duk lokacin da ta dawo ya san inda aka iso. Sai dai mai waƙar ne zai rubuta taƙaitawar ko ya amince da ita, kuma kada a tona ƙarshen labari.

Hanya ta biyu ita ce a yi waƙar da baki biyu, mai ita ya faɗi baiti, wani ya faɗi fassararsa. Tana da kyau idan an yi bita sosai, amma tana ninka lokaci, don haka waƙar minti ɗaya da rabi kawai take ɗauka.

Ta uku ita ce nuna fassara da majigi a saman dandamali, dabarar da kamfanin opera na Kanada ya fara amfani da ita a Toronto a 1983. Ita ta fi dacewa da wasan kwaikwayo, kuma tana taimakon kurame da masu nauyin ji. Ƙa'idojinta kaɗan ne amma ba a karya su. Layi biyu a kowane shafi, kowane layi kada ya wuce haruffa 40 ko kusa da haka. Farin rubutu a kan baƙin fili. Tsakanin magana da magana a saka shafi baƙi wanda babu komai, don kada tsohuwar jimla ta tsaya a sama alhali 'yan wasa sun yi shiru. A taƙaita fassarar, tun da ido ba ya karatu da saurin baki, kuma ɗan kallo yana son ya kalli fuskar mai magana. Kada jimlar da ke ɗauke da dariya ko tonon asiri ta fito a allo kafin ɗan wasa ya furta ta. A raba ta shafi biyu. A sa wa shafukan lamba, a rubuta lambobin a gefen rubutun wasan, domin idan ɗan wasa ya tsallake layi mai nunawa ya san inda zai dira. Mai nunawar dole ne ya ji yaren da ake magana da shi, ba wanda ake fassarawa zuwa gare shi kaɗai ba.

Ku gwada rubutun a kan ainihin kwamfutar da za a yi aiki da ita. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, ko masu ɗigo da wasali a ƙasa da sama, sukan koma akwatuna idan nau'in rubutun bai san su ba. Larabci da sauran rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu sukan wargaje, haruffa su rabu da juna. Mai jin yaren ya zauna a layin ƙarshe ya karanta ya tabbatar.

Gambara ba ta biyuwa da majigi layi bayan layi. Baitin da aka saba gaɓa 16 ne, kowace gaɓa bugu huɗu. A kiɗa mai bugu 90 a minti, baitin duka yana ƙarewa cikin daƙiƙa 43, cike da kalmomi da wasa da harshe wanda fassara ke kashewa. Ku nuna amshin kawai, da jimla ɗaya ta ma'anar kowane baiti. Wanda zai ƙirƙira a take kuwa, a bar shi da muryarsa.

A wannan zama na karɓar rubutu ne kuma ake duba abin da waƙoƙin suka ƙunsa. Kalma takan zama ta yau da kullum a wani yare, ta zama zagi a wani. Ku tara masu fitowa duka sau ɗaya, ku amince a rubuce kan iyaka: sukar zalunci da halin rayuwa a buɗe take, cin mutuncin ƙabila ko addinin wani babu shi. Idan akwai kalamai masu nauyi, a rubuta ƙa'idar shekaru a jikin sanarwa da tikiti. A takardar yarjejeniyar ne za a saka abin da za a biya kowa da ranar biya, da izinin ɗaukar bidiyo, da tabbacin cewa mawaƙi yana da haƙƙin amfani da kiɗan da zai hau.

Kayan sauti da yadda ake jera su

Ga zaure mai mutum 150 zuwa 200: lasifika biyu masu inci 12 ko 15 a kan ƙafafu, lasifikar ƙasa ɗaya mai inci 18 don nauyin kiɗa, ƙananan lasifiku biyu a daɓen dandamali masu fuskantar mawaƙa don su ji kansu, miksa (na'urar haɗa sautuka da daidaita su) mai hanya 12, makirufon hannu huɗu, sandar makirufo biyu, akwatin DI na haɗa kwamfuta ko kayan di-je da miksa, da kebul na XLR, wato wayar haɗa makirufo da miksa, har da rara uku. Makirufo irin Shure SM58, wanda aka fara sayarwa tun 1966, ya wadatar. Gabansa yake ji, bayansa ba ya ɗauka sosai. Aƙalla biyu daga cikin huɗun su zama masu waya, saboda ranar da mara waya ya yanke su ne madogara. Marasa waya a sa musu sabon batir dab da buɗe ƙofa, ba wanda aka yi gwaji da shi ba.

Manyan lasifikun su tsaya gaba da layin da makirufo zai tsaya, suna kallon jama'a, a ɗaga su har bakin ƙaramin ƙahonsu ya haura kan mutum a tsaye, kamar mita 2. Idan suna ƙasa, layin gaba zai sha ƙara, jikinsu kuma ya tare siririn sautin da ke fayyace baƙaƙe, na baya su ji gunaguni kawai. Kukan nan mai huda kunne da lasifika ke yi yana faruwa ne idan makirufo ya ji abin da ke fita daga lasifika ya sake mayar da shi. Abubuwa huɗu ke kawo shi: makirufo ya shiga gaban lasifika, an ƙure ƙarfin shigarsa a miksa, makirufo da yawa suna buɗe a lokaci guda, ko mawaƙi ya dunƙule kan makirufo da tafin hannunsa. Na ƙarshen nan ɗabi'ar masu gambara ce, kuma illarsa biyu: yana toshe ramukan bayan kan makirufon da ke sa shi jin gaba kawai, sai ya koma jin ko'ina, sannan murya ta fito kamar daga cikin tulu. Ku nuna musu bambancin da kunnensu lokacin gwaji, ya fi dogon bayani. Na ukun kuma, duk lokacin da adadin makirufon da ke buɗe ya ninka, ana rasa kusan desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne) na ƙarfin da za a iya ƙarawa kafin kuka ya tashi. Wanda ba a amfani da shi a kulle shi.

A miksa, a daidaita ƙarfin shiga da muryar mutum mafi ƙarfi da zai yi, ba da "ɗaya, biyu" a hankali ba. Fitilar ma'auni ta taɓa ruwan ɗorawa, kada ta zauna a ja. A yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 100 (Hz ma'aunin kauri da sirantakar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri) a hanyoyin murya, babu magana a can sai takun ƙafa da gurnani. Idan murya ta yi duhu a rage kaɗan wajen Hz 250. Fayyacewar magana tana tsakanin Hz 2,000 da 4,000. Mai waƙar zance kada a sa masa amsa-kuwwar na'ura. Ya tsaya kamar santimita 10 daga makirufo, ya ɗan karkata bakinsa gefe don iskar haruffa irin su b da f da t kada ta buga. Soson kan makirufo yana taimakawa. Mai gambara zai matso kamar faɗin yatsa biyu.

Babban laifin da ake yi wa hip-hop a taro shi ne kiɗa ya danne murya. A fara ɗaga murya har ta fito sarai, sannan a shigo da kiɗa daga ƙasa. Kuma a nemi kowa ya kawo kiɗan da babu babbar muryarsa a kai, sai amshi kawai idan yana so. Wanda ya hau waƙarsa cikakkiya yana bin ta da baki, muryoyi biyu ne ke karo, babu wadda ake ji. A karɓi kiɗan kwana uku kafin ranar, WAV ko MP3 mai ingancin 320, a sa musu lamba bisa jerin fitowa, a daidaita ƙarfinsu, a zuba su a kwamfuta ɗaya da aka kashe mata intanet da ƙarar saƙo, a ajiye kwafi a filashi. Kada a yarda wani ya miƙo wayarsa daga gefen dandamali.

Wasan kwaikwayo a ƙaramin zaure mai kyan sauti, muryar 'yan wasa ta isa idan an horar da su ɗaga ta. Idan ba ta isa ba, a shimfiɗa makirufon daɓe biyu ko uku a bakin dandamali, a kunna musu wutar volt 48 daga miksa, a kashe ƙananan lasifikun dandamali gaba ɗaya lokacin wasan, 'yan wasa kuma su guji takalmi mai ƙwas-ƙwas.

Idan kuka ji ƙugi mai ɗorewa, yawanci ko dogon kebul ne na kwamfuta da bai bi ta akwatin DI ba, ko kayan sauti suna shan wuta daga layuka mabambanta, ko suna layi ɗaya da na'urar rage hasken fitilu. Akwatin DI yana da maɓallin yanke wannan ƙugin. Kada a taɓa cire ƙafar ƙasa ta fulogin wuta don magance shi, ita ce ke kare mai riƙe da makirufo daga jan lantarki. Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Game da ƙara kuwa, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce matsakaicin sauti a wuraren nishaɗi kada ya haura desibel 100 idan aka auna tsawon minti 15. Daren da aka zo jin magana ba ya buƙatar kusantar wannan.

Fitilu

Wanda ba ya jin yare, fuska yake karantawa. Don haka fitila biyu daga gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce tana saukowa a kusurwar digiri 45, da ɗaya daga baya don ta raba mutum da bango. Fitilar da ke saman kai tsaye tana mayar da ido rami. Yanayi uku sun isa: ƙaramar da'ira ga mai waƙa, haske mai faɗi ga wasa, launuka ga hip-hop amma da farin haske a fuska. A gwada da ainihin masu fitowa, domin hasken da ya dace da fatar wani yakan ɓatar da fuskar wani, shuɗi mai duhu da kore sun fi yin wannan ɓarna. A tabbatar hasken bai zuba a allon majigi ba. Idan za a yi fitila mai walƙiya, a sanar a ƙofa saboda masu farfaɗiya.

Bitar mahaɗa

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar a yi bita wadda ba a yin waƙa ko wasa gaba ɗaya, sai daƙiƙa 30 na farko da 30 na ƙarshen kowace fitowa da sauyin da ke tsakani. Mai kula da dandamali yana riƙe da takarda mai layi ɗaya ga kowace fitowa: suna, yare, makirufo mai lamba nawa, lambar kiɗa, yanayin fitila, shafin fassara na farko, kayan da za a shigar da wanda zai ɗauka, da kalmar ƙarshe da za a ji a san an gama. Kwafi ɗaya ga mai sauti, ɗaya ga mai fitila, ɗaya ga mai majigi, ɗaya a manne a bayan dandamali. A naɗa wa kowane makirufo salatif mai launi daban, a yi alama a daɓe inda sanda da kujerun wasa za su tsaya, a manne duk kebul da ya ratsa hanya. Kowane sauyi a auna shi da agogo. Wanda ya wuce minti ɗaya da rabi a sake shi har ya zauna.

A wannan bitar mai gabatarwa zai bi kowa ya tambaye shi yadda ake furta sunansa da yadda yake so a gabatar da shi, ya rubuta kamar yadda kunnensa ya ji, ya maimaita har mai sunan ya yarda. Sunan da aka karya a gaban jama'a yana ɓata wa mutum rai kafin ya buɗe baki, ya ɓata wa mutanensa da ke zaune.

Idan kuna son rufewa da abin da ya haɗa kowa, a nan za a gina shi: kiɗa ɗaya, kowa gaɓa 8 a yarensa, wato kimanin daƙiƙa 21 a bugu 90, da gajeren amshi da jama'a za su iya kamawa a karo na biyu. A tsara wa zai miƙa wa wa makirufo, in ba haka ba mutum goma za su taru a kan guda huɗu.

Ranar taro

A shigo da kaya awa shida kafin buɗe ƙofa. Wajen kunnawa, kwamfuta da miksa su fara, lasifiku su zo ƙarshe. Wajen kashewa lasifiku su fara, don ƙarar "ɗum" da ke fita kada ta fasa su. Gwajin sauti daga mai fitowa ƙarshe ake farawa a dawo kan na farko, saboda idan an gama dandamali yana nan a shirye don buɗewa. A gama gwaji awa ɗaya kafin lokaci, a buɗe ƙofa saura minti 30. Mutum ɗaya ya zauna a layin gaba da kwali biyu, "saura minti ɗaya" da "lokaci ya cika", kuma kowa ya san tun a bita cewa bayan kwali na biyu mai gabatarwa zai hau.

Ku shirya wa ɗaukewar wuta: tocila a hannun masu tsaron ƙofa, fitilar caji biyu a gefen dandamali, da mai waƙa ɗaya mai babbar murya da aka riga aka gaya masa zai cike gurbin ba makirufo. Mai gabatarwa ya nuna ƙofofin fita tun a buɗewa, a yarukan da suka fi yawa a zauren, kada kuma a jera kujera ko kaya a gabansu.

Bayan an tashi, a ƙirga makirufo da kebul kafin kowa ya fita, a naɗe kebul ba tare da murɗawa a gwiwar hannu ba don wayoyin ciki kada su tsinke. A biya masu fitowa a ranar da aka rubuta. Bidiyon kowa a tura masa ya gani kafin a sake shi, tare da fassarar da ya amince da ita. Mai kula da dandamali ya rubuta a takardarsa ainihin mintunan da kowace fitowa da kowane sauyi suka ci, a ajiye ta, da ita za a yi lissafin dare na gaba.